Buhu ya ƙaru, amma kar nawa ya ci?

Makon jiya bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta unguwar Hausare, a nan Garwa, sai wani Alhaji mai harkar hatsi ya iso daga Ngong, ƙura har gira. Ko zama bai gama yi ba ya fara ba mu labari. Tireloli a jere ana loda masara, wasu za su Ngaundere, wasu Kusiri, 'yan dako ko ruwa ba su da lokacin sha. Ya ce, "Wallahi arewa ta zama rumbun Kamaru. Zamanin iyayenmu wa ya taɓa ganin masara haka? Noma ya ci gaba." Kowa ya ce masha Allah, har da ni.

Sai Kawuna, wanda tun da aka fara hirar bai tanka ba, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, buhunan nan da ka gani, ka tambayi kar nawa na gona suka ci?" Alhaji ya yi dariya, ya ce, "Baba, ni buhu nake saye, ba gona ba." Aka yi dariya aka koma hirar ƙwallo.

Ni kuwa maganar ta bi ni har gida, don Kawu ya sosa mini inda ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi. Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri: masarar nan da ake ta yi wa guɗa a arewacin Kamaru, faɗin gona ne ya kawo ta. Ƙasar ba ta ƙara albarka ba, a wurare da yawa ma ja da baya ta yi. Mun sare daji, mun ƙara kar a kan kar, buhu ya ƙaru, muka sa masa suna ci gaba. Muddin da yawan tirela muke auna noman masara, to bashi muke ci a hannun ƙasa, kuma 'ya'yanmu za ta bi.

Ga wanda ba ɗan nan ba, kar shi ne rubu'in hekta, mita 50 a tsaye mita 50 a kwance. Daga igiyar awon gonar auduga muka gaje shi, har ya zama a ƙauye ba mai cewa hekta sai malamin gona.

Adadin da ake tafa wa da wanda ake ɓoyewa

A shekara ta 2000, masarar da Kamaru duka ta noma ba ta kai tan miliyan ɗaya ba. Yanzu ta haura miliyan biyu. Wannan adadin shi ake karantawa a rediyo. Akwai na biyu da ba a cika jin sa ba: in an haɗa na kowa an raba, hekta guda tana ba da wajen tan 2 ko ƙasa da haka kaɗan, ba ta wuce inda take shekara ashirin da suka wuce ba. Tan 2 buhu ashirin ke nan na kilo 100, wato buhu biyar a kar.

To in abin da aka girbe ya ninka, abin da kar ke bayarwa kuma bai motsa ba, ai ba sai an kira malamin lissafi ba. Gonar ce ta ninka.

Ba zan kwatanta mu da Amurka ba, inda hekta ke ba da tan 11, don za a ce mini na ɗauko abin da ba namu ba. A ɗauki Habasha. Manomansu ƙanana ne kamar namu, da shanun huɗa kamar namu. Farkon shekarun 2000 su ma hektarsu ba ta kai tan 2 ba, amma cikin shekara ashirin suka kai ta wajen tan 4. Buhu goma a kar. Su ma sun faɗaɗa gona, amma sun kuma sa gonar ta ƙara haihuwa.

Alkaluman namu ma a riƙa karɓarsu da hannu biyu-biyu. An yi ƙidayar noma ta ƙasa a 1984, aka shekara da shekaru ana jingina da ita ana ƙiyasi. Shi ya sa na fi yarda da abin da tsofaffin manoma ke faɗa, don su ba sa manta buhu nawa suka ɗaure a wace gona a wace shekara.

Yadda ta fito daga bayan ɗaki

Alhaji bai yi ƙarya ba da ya ce iyayenmu ba su san masara haka ba. A da, abin bayan ɗaki ce. A shuka 'yan layuka inda ake zubar da toka da shara da kashin awaki, ta yi goyo cikin marka lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a gasa wa yara. Tuwo kuwa na dawa ne, a arewa can a haɗa da gero.

Auduga ce ta fito da ita fili. Da aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974, kamfanin ya ga manomin da cikinsa ba komai ba zai tsaya wa auduga ba, sai ya shiga ba da bashin iri da taki na noman masara, ana juya ta da auduga: bana auduga, baɗi masara ta ci ragowar takin. Masu bincike na gwamnati, waɗanda yanzu suke ƙarƙashin cibiyar binciken noma ta IRAD, suka fitar da iri irin su CMS 8501 da CMS 8704 da CMS 9015, har yau sunayensu na bakin malaman gona. Injin niƙa ya shiga ƙauyuka, matan da ke gudun dakan masara saboda taurinta suka daina gudu. Ga ta da saurin nuna, ga ɓawonta ya rufe ta tsuntsu bai samun ta yadda yake samun dawa.

A lokaci guda kuma aka buɗe kwarin Binuwai. Tun shekarun 1970 gwamnati ta riƙa kwaso mutane daga duwatsun Mandara da filayen da suka cika a jihar Arewa Mai Nisa, Mafa da Tupuri da Giziga da sauransu, tana zaunar da su gabas da kudu da Garwa. Aka gama madatsar Lagdo a 1982. Bayan waɗanda aka kawo, dubbai suka biyo da ƙafarsu, fari na korar su daga baya, labarin sabuwar ƙasa na jan su daga gaba. Daga Ngong har Tuboro daji ya riƙa komawa gona.

Sai maganin ciyawa ya zo ya ƙarasa aikin. A da abin da ke tsayar da manomi shi ne noman fari: kar nawa kai da iyalinka za ku iya nomewa kafin ciyawa ta haɗiye shuka? Da famfon feshi ya shigo, mutum ɗaya ya iya riƙe gonar da a da sai gayya. Da auduga ta faɗi a tsakiyar shekarun 2000, daga sama da tan 300,000 zuwa abin da bai fi 110,000 da 'yan kai ba cikin shekara uku, filaye da yawa masara ce ta gaje su.

A duba jerin nan da kyau. Garma, feshi, sabuwar ƙasa, ƙarin hannaye. Kusan duka abubuwan faɗaɗa gona ne. Abin da aka kawo na ciyar da ita kanta ƙasar, buhun taki ne kawai, shi ma da bashi.

Kawu na cikin waɗanda suka karɓi gona a wajen Ngong a shekarun 1980, bayan kasuwancin goro ya ƙi masa. Ya sha gaya mini cewa shekarun farko ƙasar baƙa ce, in ka dunƙula ta a hannu sai ta riƙe. Kar huɗu ya fara da su, kuma kowane kar yakan ba shi buhu takwas, wata shekarar tara, da taki kaɗan. Yau kar goma sha biyu yake nomawa. In ya samu buhu huɗu a kar sai ya yi sadaka. Jimillar buhunansa ta fi ta da, gaskiya ne, kuma a cikin tirelolin da Alhaji ya ƙirga har da nasa. Amma gonar ta ninka uku, kuɗin huɗa ya ninka uku, feshi haka, 'yan ƙwadago haka, ƙasar kuwa ta koma jan yashi, wuta-wuta ta yi mata jar hula. A takardar ma'aikata Kawu manomi ne da ya ci gaba. A aljihunsa shi ya san abin da ake ciki.

Arewa ba ɗaya ba ce

Wani kuskuren da muke yi shi ne mu ce "arewa" kamar gona guda. Ngaundere na samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, Garwa wajen 1,000, Marwa wajen 800, in ka kai Kusiri ya ragu sosai.

A Adamawa ruwa ba matsala ba ne, ga shanu ga taki, ga manyan gonaki irin na Maïscam kusa da Ngaundere, mai sarrafa masara wa kamfanonin kudu. Can akwai sauran fili, sai dai fili ne na kiwo, kuma duk kar da aka huɗe daga bakin saniya aka ƙwace shi. A jihar Arewa, nan ne masara ta yi tsalle mafi girma, nan ne kuma ƙasa ta fi gajiya, musamman tsofaffin wurare na kusa da Garwa da Pitowa da Gidar. A Arewa Mai Nisa dawa ce sarauniya har gobe, da masakwa da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan damina. Masarar can ta kirki tana bakin tafkin Cadi, wajen Darak da Blangwa, inda tun farin 1973 da na 1984 ruwa ya ja baya ya bar laka mai ƙarfi da ake shukawa ba taki. Ita ma tun 2014 rikicin Boko Haram ya hana mutane da yawa sakewa a can.

Saboda haka in an ce masarar arewa ta ƙaru, galibi labarin kwarin Binuwai da gundumar Mayo-Rey, inda Tuboro take, ake bayarwa. Labari ne na gatari da ke ta matsawa kudu.

"Ai dai an samu, ina ruwanmu da kar?"

Wannan ita ce amsar Alhaji, kuma ba maganar banza ba ce. Mai yunwa tuwo yake nema, ba ya tambayar faɗin gonar da aka noma shi. Masarar nan ta rufa wa garuruwanmu asiri. Da ba don ita ba, da yawan mutanen da Garwa da Marwa suka tara yanzu, ban san kwanon hatsi nawa zai kai ba. Kajin Bafusam da Yawunde ma suna cin ta. Na yarda da duk wannan.

Inda na rabu da shi, buhu biyu ba sa zama ɗaya don nauyinsu ɗaya. Buhun da ya fito daga kar mai ba da goma ya ci rabin gumi da rabin huɗa da rabin feshin wanda ya fito daga kar mai ba da biyar. Ɗan kasuwa ba ya ganin bambancin, don farashi ɗaya yake biya. Manomi ne ke haɗiye shi. Shi ya sa za ka ga ƙauyen da tirela goma ta fita daga cikinsa da kaka, amma da bazara mazansa na kan babur a gari suna neman kuɗin taki.

"Daji bai ƙare ba"

Wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya ga itatuwa hagu da dama zai ce ga fili nan Allah ya yi. Sai dai mafi yawan abin da ya gani yana da mai shi. Gandun dajin Binuwai da na Faro da na Buba Njida, tare da yankunan farauta da ke kewaye da su, sun ɗauki sama da kashi 40 cikin ɗari na jihar Arewa. Abin da ya rage, manomi da makiyayi da mai gawayi da mai haƙar zinariya duk a kai suke. Burtalin da shanu ke bi shekara hamsin yau masara ce a kai, kuma kowace kaka sai an je gaban jauro, wato dagacin ƙauye, kan ɓarna.

Kudancin ma da ake gudu can, wajen Tuboro, kowa ya san masu satar mutane don kuɗin fansa sun sa mai shanun huɗa da rumbu cike ba ya barci da ido biyu rufe.

Abin da ya fi damuna shi ne saura ta mutu. A da in gona ta gaji sai a bar ta shekara biyar, shida, ta yi ciyawa da sabara, a dawo a same ta ta farfaɗo. Yanzu wa zai bar gona ta huta? Ranar da ka bar ta, ranar wani zai shiga. Mun kashe hanyar da kakanninmu ke gyara ƙasa, ba mu kawo wata a madadinta ba.

"A ba mu taki kawai"

Wannan ita ce maganar da ta fi yawa a bakin manoma, kuma rabinta gaskiya ce. Masara ba dawa ba ce. Dawa na iya haƙuri da talauci, masara kuwa 'yar gata ce, in ba ta ci ba ganyenta ya yi rawaya ta ba ka totuwa. Shugabannin Afirka da kansu sun taru a Abuja a 2006, lokacin hekta a ƙasashenmu ba ta samun fiye da kilo 8 na sinadarin taki, suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. An san inda alkawarin ya kwana.

Mu nan an janye tallafin taki tun ƙarshen shekarun 1980, aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren, buhun yuriya ya sake fin ƙarfin talaka. Sai dabara ta shigo: a karɓi takin auduga da bashi, a raba biyu, rabi ga auduga rabi ga masara. Kowa ya san ana yi. Ƙarshenta ba wadda ta ƙoshi a cikinsu.

Amma ko an tara mana taki kyauta a ƙofar gida, rabin matsalar na nan. Ƙasar da ta koma yashi, ba ruɓaɓɓen ganye ba kashin dabba a cikinta, kamar kwando take. Ka zuba yuriya, ruwan marka biyu ya wanke ta. Na gani da idona a gonar Kawu: buhu guda a gefen da shanu suka taɓa kwana ya yi aikin da buhu biyu ba su yi ba a ɗaya gefen. Ga kuma lokaci. Takin da ya iso bayan masara ta fid da kai, ciyawa aka saya wa. Ga iri, wanda aka ɗebo daga rumbu shekara goma a jere har ya manta sunan ubansa. Tun 2016 kuma ga tsutsar nan da ta shigo Afirka daga nahiyar Amurka, mai shiga zuciyar masara ta cinye ta daga ciki.

Ita wuta-wuta da ake zagi, mai kawo saƙo ce kawai. Ba ta cika yin ƙarfi a ƙasa mai ƙoshi ba. In ka ga ta yi ja a gona, ƙasar ce ke cewa ta gaji.

Ruwan sama

Za a ce damina ce ta canza. Ta canza. Tana makara, ta yanke kwana goma sha biyar daidai lokacin da masara ke fid da gemu, ko ta zo da ambaliya irin ta 2012 a kwarin Binuwai. Ba mai musun ikon Allah. Amma ka je ka tsaya a iyakar gonaki biyu da hadari ɗaya ke rufewa, ɗaya ta gado ce da mai ita ke kai wa taki da amalanke duk rani, ɗaya ta haya. In fari ya zo ta hayar ce ke fara naɗe ganye. Sama ɗaya ce, ƙasa ce biyu.

Gonar da ba taka ba

Nan ne, a ganina, gizo ke saƙar, kuma nan ne ba a son taɓawa.

Kaso mai yawa na masarar da ke zuwa Ngong a gonar da ba ta manomin ba aka noma ta. Baƙo ya zo, jauro ya nuna masa wuri, ya riƙa ba da zakka ga fada. Ko kuma ya karɓi haya ta damina guda daga hannun wanda ya riga shi zuwa. A dokar 1974, filin da ba shi da takardar mallaka yana hannun hukuma. A ƙasa kuwa maganar lamiɗo da jauro ce ke aiki. Tsakanin biyun nan manomi ba shi da abin riƙewa, don takardar mallaka ba abin da mai kar shida zai iya bi ba ne.

To sa kanka a matsayinsa. Ka kwashe rani kana jigilar takin shanu, amalanke ashirin, ka zuba. Ka jera duwatsu ka tare zaizaya. Masara ta yi baƙi ƙirin, duk mai wucewa ya tsaya ya duba. Mai gona ma ya wuce ya duba. Baɗi ya ce ɗansa ya girma yana son wurin, ko kuwa haya ta ƙaru tunda gonar ta yi kyau. Kai ka gyara, kai za a ci tara. Itace kuwa kada ka soma dasawa, don dasa itace a gonar aro da'awar mallaka ce, ranar za a kore ka.

Wane mai hankali ne zai ciyar da irin wannan gona? Abin da hankali ya ba shi shi ne ya tatse ta, ya zuba takin zamani daidai wanda masarar bana za ta sha, ya kwashe ya bar ta. In ta mutu ya nemi wata. Muna zagin manomi da rashin tunanin gobe, alhali goben ba a hannunsa take ba.

An yi ayyuka masu kyau a yankin auduga tun shekarun 1990, na barin gawo a gona, da jeren duwatsu, da shuka a cikin busasshiyar ciyawa ba tare da huɗa ba. Inda suka kama, ka bincika, akasari gonakin gado ne. Shuka a cikin ciyawa kuma ta ci karo da al'adarmu: da an gama girbi gona ta kowa ce, shanu su cinye kara, abin da ya rage yara su sa wa wuta suna neman gafiya. A da akwai amana tsakanin manomi da Bafulatani, shanu su kwana a gonarka wata guda, ka ba shi dawa, kai ka samu taki. Da gona ta cinye burtali, amanar ta koma ƙara a gaban alƙali.

Ni abin da nake ganin zai yi aiki bai kai kuɗin tirelar taki guda ba. Haya ta zama ta shekara biyar, a rubuce, ko a takardar littafin makaranta ce, gaban jauro da shaidu biyu, kuɗin a tsaye ba ƙari, kuma in mai gona zai karɓi abinsa kafin wa'adi ya biya takin da aka zuba. Na san akwai waɗanda rashin takardar nan shi ne abincinsu, ba kuma za su so ba. Amma sarakunanmu, Allah ya ja zamaninsu, su ne za su fi cin riba, don zakkar kar mai buhu goma ta fi ta mai buhu huɗu. Wanda ya san gona tasa ce shekara biyar, ba sai an yi masa wa'azi ba zai juya masara da waken soya ko gyaɗa, zai kai taki, zai sayi iri mai kyau.

Sai farashi. Manomi na sayar da masara a Nuwamba lokacin da ta fi arha, don bashi da kuɗin makaranta sun taso, ya dawo a Yuli ya sayi tasa da tsada. In kuma farashi ya ɗan motsa saboda masu saye daga Najeriya ko Cadi, sai a ji an hana fitar da hatsi. Na fahimci dalilin, mu mutanen gari muna kuka da tsada, ni ma ina cikin masu kukan. Amma ba a taɓa hana farashin taki hawa ba. Mutumin da aka ɗaure wa farashin sayarwa aka sakar wa na saye, da me zai ciyar da ƙasa?

Ban ce a bar masara a koma dawa ba. Bakin yaranmu ya riga ya saba, kuma a Mayo-Rey da Adamawa ita ta dace da ruwan. Sai dai ina ganin ganganci ne yadda ake tura ta arewa da Gidar, a tudun da ruwansa bai kai ba, don kawai ita ke da kasuwa. Shekara ɗaya ta ba ka, biyu ta hana, dawar da aka ture kuwa da ko kaɗan ta kawo.

Abin da nake roƙo ga masu karanta alkaluma a rediyo ƙarami ne. In za ku faɗi tan nawa jiha ta noma, ku faɗi hekta nawa ta ci, ku faɗi na shekara goma da suka wuce a gefensa. Wakilan gona da ke zuwa taro a Garwa a tambaye su buhu nawa kar ke bayarwa a yankinsu, bana da bara da bara waccan. Wanda gonakin yankinsa suka faɗaɗa amma abin da kar ke bayarwa ya ragu, kada a tafa masa.

Shekaranjiya na leƙa Kawu na same shi ransa ba daɗi. Babban ɗansa ya ce shi ba zai ƙara zuba guminsa a jan yashin Ngong ba, an gaya masa akwai sabuwar ƙasa can bayan Tuboro, baƙa, kar na ba da buhu tara ba taki. Kawu ya ce masa, "Maganar da aka gaya mini ke nan a kan Ngong, kafin a haife ka." Yaron ya ce to ai gaskiya aka gaya maka a lokacin. Kawu ya ce gaskiya ne, ya kuma tambaye shi, in waccan ta gaji, ɗansa kuma ina za shi, tunda bayan Tuboro sai iyakar Cadi da ta Afirka ta Tsakiya.

Yaron bai amsa ba. Ranar Laraba da asuba ya ɗaure gatari da famfon feshi da rabin buhun iri a bayan babur, ya tafi.